Farin Tudu Ya Yi Kore

Kautokeino, ƙarshen Agusta

Zuwa ga ƙanwata Raudna,

Salamar Allah ta tabbata a gidanki. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga fuskar 'yar'uwarsa ba. Ina gaishe da ɗanki Eilif da matarsa, da jaririyarsu Sire wadda ban sani ba sai a hoto. Mu nan lafiya muke, gwargwadon abin da shekaru suka bar mana. Gwiwata ta hagu ta daina yi mini biyayya a gangare, kunnuwana kuma sun ƙara nauyi, har wayar da ɗana Jousa ya saya mini ta koma abin danne takardu. Shi ya sa nake riƙe da alƙalami kamar yadda muka saba. Jousa da matarsa Magga suna gaishe ki. Magga ta ce a gaya miki busasshen naman bana ya yi gishiri, laifin hannunta ne ba na barewa ba, kuma zai zo miki duk da haka.

Mun gama tsaga kunnen 'ya'yan bareyin garkenmu na bana a can gaɓar teku. Naki da hannuna na tsaga su, kamar kowace shekara tun da kika tafi kudu. Ban taɓa barin wuƙar wani ta yanka shaidarki ba. Tsohuwar barewar nan taki, Mai Guntun Ƙaho, ta sake haihuwa, mace, ga mamakin kowa. Jousa ya ce tsakanin ni da ita ba a san wanda zai riga ajiye aiki ba.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Da na dawo daga gaɓa na hau Farin Tudu, inda garkenmu yake cin hunturu tun zamanin kakanni. Na daɗe ban gan shi ba sai a lulluɓe da dusar ƙanƙara. Raudna, tudun ya yi kore. Tun daga gindinsa har ƙololuwa, kore shar, babu inda ido zai huta. Na zauna a kan dutse ina kallonsa. Ke 'yar gidan nan ce, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Mun zauna da waɗanda muke kiwo tare, an yanke cewa kowane gida zai rage garkensa kafin hunturu, sannan mu karkata gabas da abin da ya saura. Bareyinki jikokin na Inna ne, 'ya'yan Farin Tudu. Duk inda aka kai su, da sanyi ya kama can suke komawa, Mai Guntun Ƙaho a gaba. Saboda haka ina neman izininki in yanka manyan a kakar nan, tun suna da kitse. Zan bar miki ƙanana biyu mata, waɗanda ba su riga sun koyi hanyar ba, su bi garken Jousa. Kin san ba a sa wuƙa a wuyan dabbar da ke ɗauke da shaidar wani sai da kalmar mai ita, ko da uwa ɗaya ce ta haife ku. Ki aiko mini da kalmarki kafin motocin mahauta su zo.

Allah ya tsare ki da abin da kika haifa.

Yayanki,
Heika


Sandnes, tsakiyar Satumba

Yaya Heika,

Salamar Allah a gare ka, kai da Jousa da Magga da yara. Takardarka ta same ni lafiya, in ban da idon dama da likita ya ce zai cire masa yana bayan Kirsimeti. Naman ya iso. Ka gaya wa Magga ban ga laifinsa ba. Eilif ya cinye rabi a tsaye bai ko cire takalmi ba. Gwiwa kuwa, ka daina hawan tudu da ita kamar saurayi.

Ina da albishir. Ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, ina ba Sire abinci, sai na ji cokali ya yi ƙas. Na sa yatsa. Haƙori ne, na farko, a ƙasa. Uwarta kullum tana dubawa ba ta gani ba, ni na gani. Ka san abin da ya hau kaina: wanda ya fara ganin haƙorin yaro, shi zai ba shi barewa mace. Matar Eilif 'yar kudu ce, ta ɗauka wasa nake, har ta tambaye ni a wane ɗaki za a ajiye ta. Na ce mata barewar za ta zauna a arewa a hannunka, kai kakan yarinyar, da shaidata a kunnenta, har ran da Sire za ta yi girman zuwa ta jefa mata igiya da kanta. Ni ma Inna ce ta ga haƙorina ta ba ni tawa, kuma daga waccan barewar duk nawa suka fito.

Da wannan farin ciki na sake ɗauko takardarka, sai ya koma ciki. A wuri ɗaya ka gaya mini Farin Tudu ya yi kore shar, a wuri na gaba ka nemi in miƙa maka wuƙa. Shekara arba'in na yi a gidan manoma. Mijina marigayi Torleif, in ƙasa ta yi kore, hula yake cirewa a bakin gona ya gode wa Allah, sannan ya ƙara saniya. Ban taɓa ganin ya rage ba. Eilif ma ya nuna mini hotunan arewa da ake ɗauka daga sama: inda yake toka-toka a ƙuruciyarmu yanzu duk ciyayi ne. Wato abinci ya ƙaru, wurin bareyina kuma ya ragu. Wannan lissafi ban gane shi ba.

Ko kuwa na gane shi. Jousa yana da 'ya'ya, kowanne yana bukatar shaidarsa a garke, ga kuma wata tsohuwa can kudu ta tare wuri, ko tsagar kunne ba ta zuwa. In haka ne a faɗa mini a fili, ba a rufe shi da ƙanana biyu kamar sadakar ƙofar coci ba.

Kai ka koya mini shaidar nan, Yaya. A lokacin babu itace ko ɗaya a tudun. Sai da muka gangara har bakin kogi kafin mu sami itacen nan mai farin ɓawo. Ka ɓare ɓawon, ka yanke shi siffar kunnuwa, ka riƙe hannuna a kan wuƙa: tsaga biyu a dama, gutsure ɗaya a hagu. Na ɓata da yawa, ka ce hannuna hannun mai yankan burodi ne. Da na iya, ka ce mini muddin akwai kunne mai wannan shaida a garke, ina da gida a arewa. Ban manta ba, ko da kai ka manta.

Ban yarda ba. Kada a taɓa ko ɗaya. Kuma tun da ana maganar ragi, ka gaya mini: naka nawa ne, na Jousa nawa ne?

Ƙanwarka,
Raudna


Sandnes, farkon Nuwamba

Yaya Heika,

Ina fata ba ciwo ne ya riƙe maka hannu ba. Mu lafiya muke. Sire ta yi haƙori na biyu. Wannan uwarta ce ta gani, ta ce a yi mata rai, ita ko kaza ba ta da ita.

Kaka ta wuce ban ji daga gare ka ba. Eilif ya ce in buga wa Jousa waya. Na ce ba zan tattauna dukiyata da yaron da na goya ba alhali ubansa yana da rai. In shirun nan amsa ne, na ji ta. In kuwa wuƙa ce ta riga ta yi aikinta kake jin nauyin faɗa, to ka aiko mini da kunnuwan in gani da idona.

Raudna


Kautokeino, gab da Kirsimeti

Raudna,

Salamar Allah a gare ki da iyalinki. Rana ta shige, ba za mu sake ganinta ba sai Janairu. Magga tana fama da tari, yara lafiya, ni ina nan yadda kika san ni.

Bareyinki suna nan da ransu. Ba ki ba da kalma ba, ban sa wuƙa ba. Abin da aka ɗora wa gidanmu mun cika shi daga nawa da na Jousa, har da uwayen da ya ware wa 'yarsa ta fari. Jousa da kansa ya kora su mota, ya koma bakin aikinsa. Ya gaji wannan hali a wurin da kika sani. Magga ce ta ce, tana wanke wuƙaƙe ba ta dubi kowa ba, ashe a gidan nan wanda ba ya nan shi ya fi kowa ƙarfi.

Shiruna ba na ciwo ba ne. Kin tambaye ni nawa ne nawa. Kina nan ran da Baba ya tashi daga cin abinci a gidan biki, ya ɗauki hularsa, saboda wani baƙo ya yi masa wannan tambaya. Baƙo akan yi masa uzuri. Daga bakin 'yar Inna ban taɓa tsammaninta ba. Na danne takardar da waya na ce sai zuciyata ta sauka. Ta daɗe ba ta sauka ba.

Da na sake karanta ta ne na ga inda muka raba hanya. Ni na rubuta miki kore kamar yadda ake rubuta an yi rasuwa, ke kuma kin karanta shi kamar an yi haihuwa.

Saniya ce take cin kore, Raudna. Barewa da hunturu fari take ci. Don me aka sa wa wurin suna Farin Tudu? Ba don dusar ƙanƙara ba, ko'ina yana da ita. Don yagil ne, ɗan tsiron nan wanda yake shimfiɗe a kansa fari fat ko da tsakiyar bazara, wanda Inna take hana mu takawa in ya bushe don kada ya murƙushe. Shi barewa take shinshinowa ta tono a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Ba shi da saiwa, ba ya gaggawa; wanda ya kai tsawon yatsa yana iya girmar babbar 'yar Jousa. Ba ya roƙon ƙasa komai sai sarari da haske, kuma su aka hana shi.

Yanzu bazara tana sammako, tana kuma jinkirin tafiya, ƙasa ta yi ɗumi. Sidga, ƙaramar bishiyar nan wadda muka sani a bakin rafi iya gwiwa, ta hauro tudu. A gangaren kudu ta fi ni tsawo, in kare ya shiga cikinta sai dai a ji haushinsa. A bayanta itacen nan mai farin ɓawo yana biye, shekara bisa shekara, kamar mai bin sawu. Suna yin inuwa, suna zubar da ganye, yagil ya ruɓe a ƙarƙashinsu, gansakuka da ciyawa su gaje wurin. Da bazara barewa tana cin ganyen, ban musa ba, shi ya sa na ce miki suna da kitse. Amma ganye ba ya kai wa hunturu. Ga shi kuma sarƙaƙiyar tana tare dusar da iska take sharewa a da, ta tara ta har ƙirji. Dabba ta yi ta tono, ta ƙare ƙarfinta, ta kai ƙasa ta tarar da ruɓaɓɓen ganye.

Ki gaya wa Eilif hotunansa ba su yi ƙarya ba. Kore ne.

Ba ki tambaye ni Fadamar Inna ba, amma zan gaya miki. Ƙananan tuddan nan masu ƙanƙara a ciki, da muke hawa mu tsinki 'ya'yan tsiron luomi har bokiti ya cika, bakinmu ya yi ruwan ɗorawa, sun narke ta ciki sun rufta. Baƙin ruwa ne a wurin. Bana Magga ta wuni ta dawo da abin da bai rufe gindin kwano ba, ta ajiye shi a gabana ta ce ga gādon kakar mijinta. Ciyawar takalmi da Inna take yanka ta daka mana mu cusa wa ƙafa, inda take fitowa sidga ta cinye. Safa nake sawa yanzu kamar ɗan birni, ƙafata kuma ba ta daina sanyi ba.

Mun kai garke gabas, inda sauran yagil yake. Naki sun riga sun sulale, Jousa ya bi su da babur ɗin ƙanƙara ya dawo da su, ƙananan na biye da iyayensu. Kowace irin wannan tafiya karatu ne ga ƙananan. Akwai sauran dama, ana yanka har ƙarshen Janairu. Ban janye roƙona ba.

Yayanki,
Heika


Sandnes, tsakiyar Fabrairu

Yaya Heika,

Salamar Allah a gare ka. Ina fata tarin Magga ya yi sauƙi. Ta sha ruwan zafi da zuma, ta kuma rage magana a cikin sanyi. An yi mini aikin idon, an hana ni karatu na wani lokaci. Takardarka ta iso ina asibiti. Matar Eilif ta yi tayin karanta mini, na ƙi, don ban so maganar gidanmu ta bi ta bakin da bai iya faɗin sunayenmu ba. Sai yanzu na buɗe ta da kaina, na ga Janairun da kake magana ya riga ya wuce.

Tambayar da na yi maka na janye ta. Na san abin da nake yi lokacin da na rubuta ta. So na yi ta yi maka zafi, ta kuwa yi.

Yagil ban manta shi ba. Ina iya jin ƙamshinsa bayan ruwan sama ko a nan ɗakin. Kalmar ce ta canza mini a baki ban sani ba, kamar yadda ruwan gari yake canza wa mutum ɗanɗanon gahawa. Amma kai ma, Yaya, da ka kashe mini rabin takarda a Agusta kamar yadda ka kashe a Disamba, maimakon ka ce ni 'yar gidan ce ba sai ka ƙara bayani ba, da ba mu kai nan ba. Kun saba, kai da Baba, ku faɗi rabin magana ku hukunta mutum a kan sauran rabin.

Duk da haka in na rufe ido tudun da nake gani fari ne, ban kuma iya sa hannu a kan abin da ban gani ba. Ga abin da nake roƙo. Ku riƙe su har bikin Ista. Zan zo da Eilif da yarinyar. In ga Mai Guntun Ƙaho, in zaɓa wa Sire 'yarta ta bara da idona sabo, in kuma hau tudun ko a amalanken ƙanƙara ne. Bayan haka, da kaka ta zo, ka yi yadda ka ga dama da manyan. In yagil ya gaza a ba su abincin buhu, Eilif ya ɗauki nauyi. Ka kuma gaya wa Jousa abin da 'yarsa ta rasa zan mayar mata daga 'ya'yan da nawa za su haifa bana.

Ista ba nisa.

Ƙanwarka,
Raudna


Kautokeino, ƙarshen Maris

Raudna,

Salamar Allah a gare ki. Na yi murna da idon ya buɗe. Magga ta warke. Mu mutane duk lafiya muke.

Takardarki tana hanya aka yi ruwan sama. Ruwa, a tsakiyar Fabrairu, kamar na Yuli. Bayansa sanyi ya dawo ya daskare komai, ƙasa ta zama kamar an zuba mata gilashi. Garke ya watse neman abinci. Da aka tattara shi, naki babu ko ɗaya. Ba wanda ya tambayi inda suka nufa.

Babur ba ya ratsa sarƙaƙiyar gangaren kudu, sai da Jousa ya sauka ya shiga da katakon zamiya. Ya same su a cikin ramukan da suka tona da kansu, wasu har wuya. Sun tona sun kai ƙasa, daidai wuraren da iyayensu suke tonawa, ba su yi kuskuren taku ɗaya ba. Sun ɓare sidga har inda bakinsu ya kai. Ƙananan suna kwance jikin iyayensu, har da wadda kike so wa Sire.

Mai Guntun Ƙaho kaɗai ya samu da sauran numfashi. Ya dawo ya ɗauke ni a amalanke, ya goya ni daga inda amalanke ya tsaya. Mun kai mata abincin buhu kamar yadda kika ce. Ta shinshina ta kawar da kai. Ko da ta ci, cikin da yunwa ta riga ta cinye ba ya riƙe shi. Jousa ya zaro wuƙarsa, sannan ya tsaya ya dube ni.

«Baba, ba mu da kalmar Goggo.»

Na ce masa ya ba ni wuƙar. Ni na yi, ba shi ba. Tun da Baba ya ɗaura mini ɗamarar wuƙa ban taɓa yanka dabbar wani ba da izininsa ba sai ran nan. In za ki kai ƙara, sunana za ki kai.

A Nuwamba kin ce in aiko miki da kunnuwa ki gani da idonki. Suna cikin ƙunshin da ke tare da wannan takarda. Na busar da su, na jera su uwa da 'yarta. Ba wanda ya ɓace.

In za ki zo Ista don coci da gaisuwa, ƙofa a buɗe take, Magga ta gyara ɗaki. Zaɓe dai babu.

Heika


Sandnes, ƙarshen Mayu

Yaya Heika,

Salama. Lafiyata ƙalau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ban zo Ista ba, ka gani. Ƙunshin ya iso. Na shimfiɗa su a kan tebur bisa farin ƙyalle, na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Hannunka ne a kan kowanne. Na tsofaffin tsagar a miƙe take, na ƙananan ta ɗan karkace, na ga shekarar da hannun ya fara rawa. Matar Eilif ta shigo ta gani, ta tsaya, ta fita da yarinyar. Na gode mata da wannan. Ƙara kuwa, wa zan kai wa? Da ina wurin ni zan riƙe mata kai.

Amma haƙorin Sire bai koma ba, Yaya. Ni na gan shi, na kuma faɗa a gaban iyayenta. Ban taɓa roƙonka komai daga naka ba tun ran da na hau motar kudu. Yau ina roƙo. A cikin 'ya'yan da bareyinka suka haifa bana ka ware mace ɗaya, ka tsaga mata shaidata, ta zama ta Sire. Uwarta ba ta san hanyar Farin Tudu ba, ita ma ba za ta sani ba. Ɗaya tak. Kunne ɗaya ya tsaya a garke, yarinyar nan ta sami inda za ta ce ta fito.

Ƙanwarka,
Raudna


Kautokeino, ƙarshen Agusta

Zuwa ga ƙanwata Raudna,

Salamar Allah ta tabbata a gidanki, ta rufe Eilif da matarsa da Sire. Gwiwa tana nan, kunne yana nan, ban ƙara wani ciwo a kansu ba. Naman bana ba shi da yawa, amma Magga ta ce gishirinsa daidai ne.

Na jinkirta amsa har a gama tsagar kunne, don kada in ce miki a'a alhali akwai hanya. Haihuwar bana kaɗan ce. Uwayen da suka tsira daga ƙanƙarar nan da yawa sun zubar da ciki. Na kai roƙonki gaban Jousa. Ya daɗe yana wasa wuƙa. Magga ce ta amsa, a hankali, ba da tsiwa ba, ta ce, «Baba, ai mun riga mun biya wa Goggo sau ɗaya.»  'Ya'yan da suka rayu suna bin bareyin jikokina ne, kin kuwa san ɗa shaidar mai uwarsa yake ɗauka.

Kin ce in ware daga bareyina mata. Bara kin yi mini tambaya kin janye ta. Yau zan amsa miki, don amsar ba ta da nauyin faɗa. Mace ba ni da ko ɗaya. Da kaka, da kalmarki ba ta zo ba, nawa na fara turawa mota don a rage wa Jousa asara, 'yan da suka saura kuma Fabrairu ya ɗauke su. Tsohon namiji ɗaya ne ya rage mini, dandaƙaƙƙe, wanda yara suke koyon jifan igiya a kansa. In ya faɗi, shaidata ta bi taki.

A makon jiya na sa Jousa ya kai ni Farin Tudu, na ce masa daga wannan ba zan sake wahalar da shi ba. Mun sha wuya kafin mu sami inda Inna take kafa tanti. Duwatsun murhunta suna nan a zagaye yadda ta bar su. A tsakiyarsu, inda tukunya take zama, itacen nan mai farin ɓawo ya fito, ya fi ni tsawo, kaurinsa ya kai damtse. Yanzu ba sai an gangara kogi ba.

Na ɓare ɓawonsa, na yanke shi siffar kunnuwa. Tsaga biyu a dama, gutsure ɗaya a hagu. Tsagar ta ɗan karkace, amma ana karanta ta. Yana cikin takardar nan. Ki buɗe a hankali, yana karyewa. Ki ba Sire, ki ce daga kakanta na arewa, barewar haƙorinta ce. Wannan ba ta jin yunwa.

Muna saukowa muka gamu da wasu baƙi biyu masu yawon ƙafa, da jakunkuna a baya. Suka tsaya suka gaishe mu da ladabi, suka ce ba su taɓa ganin wuri mai albarka kamar wannan ba, suka tambayi sunansa. Jousa ya dube ni. Na faɗa musu. Matar ta yi dariya, ta ce lallai wanda ya sa sunan nan bai taɓa zuwa da bazara ba.

Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Heika